Buhun Ƙasar da Baffa Ya Kai Jami'a

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Baffa ya riga mu gidan gaskiya, yayan mahaifina, wanda ya riƙe ni tun ban san mene ne maraici ba. Da hantsi aka sallace shi a ƙofar gida, maza suka wuce da shi maƙabartar da ke bayan babban kanal na ruwan noman rani, mu mata muka zauna a tsakar gida a kan tabarmi, kowace da abin da take tunawa.

Gwaggo, ƙanwarsa, kuka take tana mita a lokaci guda. "Taurin kai! Taurin kai har bakin kabari. Na ce a kai shi Kano a duba ƙirjin nan, ya ce mini wai an gama magana. To ga shi nan an gama ɗin." Wata tsohuwa mai turara shinkafa, wadda ta daɗe tana sayen shinkafa shanshera a hannunsa, ta ce ita dai shaidarta ɗaya ce: abin da ya faɗa da safe shi zai faɗa da yamma, ko kasuwa ta tashi ko ta faɗi. Inna, matarsa, carbinta kawai take ja. Daga waje muna jiyo wani namiji yana rusa kuka har ana ba shi baki. Da na tambaya aka ce maƙwabcinsa ne na gona, mutumin da suka yi shekaru ba sa ga maciji da juna.

Ni kuwa idona ƙamas. Ina karɓar gaisuwa ina cewa amin, har sai da wata mata da ta zo daga Bunkure ta matso ta dafa ni ta ce, "Ke ce 'yar da ta yi littafi a kan gonarsa? Allah sarki. To masu gyaran magudanar sun zo kuwa kafin ya cika?" Nan kuka ya ƙwace mini, sai da aka riƙe ni aka kai ni ɗaki. Matar ba ta yi laifin komai ba, tambaya ta yi. Saboda tambayar tata nake wannan rubutu, don kada nan da 'yan shekaru a wuce ta gefen wannan gona a ce ai dama can fako ce, ba wanda ya taɓa wahala a kanta.

Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, don haka Baffa bai taɓa kiran sunana ba, sai dai Uwata. Wannan ya ba ni bakin da sauran yaran gidan ba su da shi. Ina iya ce masa ya yi kuskure in kwana lafiya. Kuma yana yin kuskuren, kada wani ya ɗauka waliyyi nake ba da labari. Akwai shekarar da kowa ya dasa albasa shi ya ce alkama zai yi, tsuntsaye suka yi biki a kanta. Akwai shekarar da ya cika gonar da tumatir, tumatir ya yi kwantai har kwanduna suna ruɓewa a bakin titi. Bai taɓa cewa da na sani ba. In ya yanke shawara sai ya tafa hannu sau ɗaya ya ce, "To, an gama," ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa. Hula ma in zai saya, wadda hannunsa ya fara taɓawa ita ce tasa. Abin da ya tsana a duniya shi ne a tsaya ana cewa ko kaza ko kaza.

Sai Allah ya jarrabe shi da ni. Ni ce wadda za ta shiga kasuwa sayen atamfa ɗaya ta zagaye rumfuna har mai shago ya fara hamma, ta dawo gida hannu wofi. Yakan ce, "Uwata ta gaskiya ba haka take ba. Ke dai suna kawai kika ci."

Gonar tasa tana can ƙasa, inda ruwan kanal ke ƙarewa. Ruwan da ya shiga gonaki ya gama aikinsa yana da hanyar fita, wata doguwar magudana da ta bi ta ƙarshen gonakin ta nufi rafi. Shekaru suka yi ta tafiya ba a yashe ta ba. Ciyawar kacalla ta cika ta, ta fi mutum tsayi, wasu kuma suka ga danshi a banza suka dasa shinkafa a cikinta. Ruwa ya rasa inda za shi, sai ya kwanta a ƙarƙashin gonakin ƙasa. Daga nan wani fari-fari ya fara fitowa a kusurwar gonar Baffa, kamar an barbaɗa kanwa. Duk fangalin da ya taɓa, iri sai ya tsaya cak, ya yi rawaya, ya ƙone. Bana kusurwa ɗaya, baɗi ya ƙara cin wani fangalin.

A kan wannan suka ɓata da maƙwabcin nan nasa, don shi ma yana cikin masu shinkafa a magudana. Baffa ya same shi a gaban jama'a bayan sallar Juma'a ya ce masa, "Kana cin tuwo da gonata." Shi kuma ya ce ko ya cire tasa shinkafar, akwai ta mutum nawa a gaba, kuma kacallar wa ya shuka ta? Har gaban mai unguwa aka je. Suka daina gaisawa, in sun haɗu a kan gadar kanal kowa ya kalli ruwa. Amma da rani ya zagayo, irin tumatirin mutumin ya ruɓe tun yana wurin reno, Baffa ya tsige rabin nasa ya ɗaure, ya ɗora a keke ya kai bakin gonar ya ajiye, ya juyo ba tare da ya ce masa ko sannu ba. Inna ta ce, "Malam, kun shirya ke nan?" Ya ce, "Wa ya ce? Da shi nake faɗa, 'ya'yansa me suka yi mini?"

A shekarun da wayar hannu ta fara shigowa ƙauyukanmu ne na kai ajin ƙarshe a jami'a a Kano, ina karanta ilimin ƙasar noma. Kowane ɗalibi sai ya zaɓi abin da zai yi bincike a kai, ya rubuta, ya kare shi a gaban malamai, sannan a ba shi digiri. Abokan karatuna tuni suka zaɓa. Wasu ma shagunan bakin ƙofar makaranta suka je suka sayi tsohon aikin wani, suka canja sunan gari, suka huta. Ni kuwa na shiga uku. Yau in ce ɓuntun shinkafar da injinan Kura ke zubarwa zan gwada a matsayin taki. Gobe in ga ai shanyar tumatir ta fi amfani ga mata. Jibi in ji wani ya ce ƙwarin albasa ne abin da ake yayi, sai zuciyata ta koma can. Duk wanda na ɗauka sai in hango kyawun wanda na bari. Har istihara na yi, Inna ta ce ba ta taɓa ganin wanda ya yi istihara ya tashi yana gardama da ita ba sai ni.

Malamin da ke duba aikina mutum ne mai haƙuri, amma na ƙure shi. Ranar da na kai masa take na ban san ko na nawa ba, ya cire tabarau ya ce, "Baiwar Allah, ni ba na ƙin ko ɗaya. Ke ce kike ƙin su. In aka tafi hutu ba ki tsayar da ɗaya ba, sai dai ki jira 'yan bayanki." Maimaita shekara ke nan. Wallahi tsoro ya kama ni, kuma tsoron bai sa na zaɓa ba, ƙara daskarar da ni ya yi. Na rame, abinci ya daina shiga.

Da na zo gida ƙarshen mako, Baffa ya dube ni ya ce ko zazzaɓi nake. Na zauna na zayyana masa komai, ɓuntu da tumatir da albasa, ina ta kawo amfanin wannan da matsalar wancan. Ya saurara har na gama, abin da ba ɗabi'arsa ba. Sannan ya ce, "Tsaya. Wannan binciken, har da ɗibar ƙasa a kai ta a auna?" Na ce har da shi, ai shi ne ma karatun namu. Ya ce, "Da wani ƙarfe mai murɗawa?" Na ce eh. Ya ƙura mini ido kamar yau ya fara ganina. Ni kuwa ban kawo komai a raina ba.

Ranar Talata ina zaune a barandar sashenmu, sai ga ɗan acaɓa ya tsaya, ga Baffa a baya da babbar rigarsa ta zuwa ɗaurin aure, ya rungume buhun taki a cinya. Na miƙe da sauri, na ɗauka rasuwa aka yi. Ya ce, "Ina malamin naki?" Na ce, "Baffa, lafiya? Mene ne a buhun?" Ya ce, "Nuna mini ƙofar kawai."

Ya yi sallama ya shiga, ni ina biye kamar wadda aka kamo da sata. Malam ya miƙe ya ce, "Baba, sannunku da zuwa, ku zauna." Baffa ya ce zama ba shi ya kawo shi ba. Ya kwance bakin buhun, ya ɗebo ƙasa cike da hannu, fara-fara mai ɓawo, ya zuba a kan teburin, a gefen takardun mutane. "Malam, wannan gonata ce. Ubana ya ci a cikinta, ni na ci, da ita na yi wa wannan yarinyar karatu. Yanzu ga abin da take fitarwa. An ce kuna neman abin da za ku bincika kun rasa. To ga shi na kawo muku har gida."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Malam kuwa ya murza ƙasar a yatsunsa, ya ɗan taɓa a harshe, ya tambayi Baffa inda gonar take da shekarun da abin ya fara. Sannan ya juyo gare ni ya ce aiki ne na gaske, amma akwai wahala: haƙa ramuka, ɗibar ƙasa da ruwa, jiran layi a ɗakin gwaji. "Kin yarda da shi?" Na buɗe baki zan ce a ba ni zuwa Alhamis in yi tunani. Baffa ya tafa hannu ya ce, "Ta yarda. An gama." Malam ya yi dariya har da riƙe ciki, ya jawo takarda ya rubuta.

A waje na tayar masa da rigima. Na ce ya kunyata ni a gaban mutane, na ce karatuna ne ba nasa ba, na ce ni ba akuya ba ce da za a ja ni da igiya. Ya bar ni na gama tas, sannan ya ce, "Uwata, da na bar ki, har ki yi furfura kina kan barandar nan. In wannan ɗin ya ɓaci, ki ce ni na ɓata." Ya hau acaɓa ya tafi, ya bar mini buhun. Haushi ya cika ni, amma ba zan ɓoye ba, rabon da in ci abinci da daɗi irin na ranar har na manta. Wani nauyi ne aka sauke mini wanda ni na kasa saukewa da kaina.

Sai da muka fara aikin na gane abin da ke ransa. Muna bakin gona ina murɗa ƙarfen a ƙasa, yana tsaye yana murmushi, ya ba ni labari. Yana saurayi, kafin a kawo ruwan nan, nan duk gero da dawa ake yi, rani kuwa sai zaman banza ko cin rani. Wata rana wasu mutane suka zo a mota, suka bi gonaki da irin wannan ƙarfen, suna ɗibar ƙasa suna ƙullawa a 'yan jakunkuna suna rubutu. Mutane suka yi ta dariya, wai an ga masu satar ƙasa. Bayan 'yan shekaru sai ga katafiloli, aka haƙa kanal, ruwa ya zo. "Da idona na gani," in ji shi. "Duk inda aka ɗebi ƙasa aka rubuta, katafila tana biyo baya. Haka tsarin yake."

Na ajiye ƙarfen na ce, "Baffa, waɗancan gwamnati ce ta aiko su. Ni ɗaliba ce. Nawa in na gama maki za a ba ni, a ajiye shi a kantar littattafai. Ba wanda zai turo katafila saboda ni." Ya ce, "Su waɗancan ɗin ba ɗalibai ba ne kafin su zama abin da suka zama? Ke dai rubuta da kyau." Na sake faɗa masa a gida, na faɗa a gaban Inna, na sa Yaya, babban ɗansa, ya faɗa masa. Kamar muna magana da bango. Mutumin da bai taɓa canja magana a kan hula ba, ina zai canja a kan wannan?

Ya riƙe aikin nan kamar nasa. Shi ya haƙa ramukan da nake duba ruwa, kuma ba a yi nisa ba ake tarar da ruwan kwance, hannu ma yana isa. Shi ya bi maƙwabta ya roƙa mini izinin ɗibar tasu ƙasar, har da wanda ba sa magana, ya aika Yaya. In na zo daga Kano sai in tarar ya tanadar mini rake da dafaffiyar masara a inuwar mangwaro. Duk wanda ya wuce sai ya tsayar da shi ya ce, "Uwata ce ke auna ƙasa. Ku saurari abin da zai biyo baya." Tun ina jin kunya har na koma jin tausayi.

Sakamakon bai zo da wani abin mamaki ba. Ruwa ya taso kusa, ya turo gishiri sama, kuma ba takin da zai gyara, ba irin da zai jure in abin ya ci gaba. Magani ɗaya ne, a yashe magudanar tun daga sama har rafi, aikin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya, ya fi ƙarfin unguwa. Na rubuta haka a shafin ƙarshe. Na kare aikina, malamai suka yaba, aka ba ni maki mai kyau. Na gama jami'a tare da 'yan ajinmu, kuma albarkacin Baffa ne, ba na kowa ba.

Na kawo masa kwafi ɗaya mai baƙin bango. Ba ya karanta boko, amma ya sa na nuna masa inda aka ce a yashe magudana, ya ɗora yatsa a wurin. Washegari ya sa ni a gaba muka kai wani ofis na masu kula da ruwan kanal. Mutumin da muka samu ya karɓe mu da mutunci, ya ce sun san da matsalar, ba nan kaɗai ba ce, in hali ya samu za a duba. Ni na ji abin da ya faɗa. Baffa kuwa da muka fito cewa ya yi, "Kin ji ko? Za a duba."

Da lokacin dashe ya zo sai ya yi abin da ya fi komai ƙona mini rai. Ta gefen gonarsa ne kaɗai mota za ta iya gangarawa daga hanya zuwa magudanar. Sai ya auna wani dogon zirin ƙasa a wannan gefen, faɗin da katafila za ta wuce, ya kafa turaku, ya ce ba za a shuka komai a nan ba. Kuma wannan gefen shi ne tudu, shi ne inda gishirin bai kai ba, nan ne kaɗai albasa ke yin kai. Yaya ya yi magana, Inna ta yi, Gwaggo ta zo takanas ta yi masa tas. Ni har kuka na yi masa, na ce, "Baffa, don girman Allah ka shuka wurin nan. In sun zo sa taka, ai ba komai." Ya ce, "Direba in ya ga shuka ba zai taka ba, juyawa zai yi ya tafi wani wuri. Ba zan zama ni na kore su ba."

Rani ya wuce, wani ya zo, wani ya sake zuwa. Farin yana ta cin gonar daga ƙasa, zirin yana nan fayau, Baffa yana nome shi da fartanya kada ciyawa ta rufe hanya. Buhunan da ake shigowa da su gida suka yi ta raguwa, har ya zama Yaya ne ke ciyar da gidan da acaɓa. Ni na yi hidimar ƙasa na dawo, na samu koyarwa a wata sakandare. Duk zuwan da zan yi, bayan gaisuwa tambayar ɗaya ce: "Ba labari?" In ce babu, Baffa. Ya ce, "Waɗancan ma sai da suka shekara da shekaru." Ko da tari ya kwantar da shi, in ya ji ƙarar babbar mota a hanya sai ya ɗaga kai ya ce a leƙa. Motocin ɗaukar shinkafa ne, kullum su ne.

Ban san yadda zan auna abin da ke tsakanina da shi ba. Ya fitar da ni daga ramin da na kasa fita, da buhu ɗaya da tafi ɗaya. Ni kuma abin da na iya ba shi littafi ne mai baƙin bango. Na faɗa masa gaskiya tun farko, na maimaita, amma wannan bai taɓa sanyaya mini zuciya ba. Har yau in ɗalibaina suka tambaye ni amfanin bincike, sai in ji bakina ya yi nauyi.

Allah ya jiƙan Baffa, ya yafe masa taurin kansa da namu, ya sa ya tarar da gonar da ba ta fitar da gishiri. Allah ya ba Inna haƙuri, ya saka wa Baffa da alherin riƙon maraya.

Bayan an share makoki, ruwan rani ya sauko a kanal, mutane suka fara dashe. Yaya ya ce in raka shi gona. Muka tsaya a bakin hanya. Daga tsakiya har ƙasa fari fat, ko ciyawa ba ta fito ba, can ƙarshe kacalla tana kaɗawa. Turakun Baffa suna nan a jere, zirin yana nan a share. Yaya ya dubi zirin ya ce, "Irin albasa ya isa dashe, kuma nan kaɗai ya rage. Amma na kasa taɓa wurin. Ke kika yi karatun, ke kika je ofis ɗin. Ki faɗa mini tsakaninki da Allah, za su zo?"

Ban nemi a ba ni lokaci in yi tunani ba. Na ce, "Ba za su zo ba, Yaya. Ku shuka."

Ya sunkuya ya kama turken farko. Baffa ya kafa shi da kyau, sai da muka haɗa hannu mu biyu sannan ya fita.